Ranar da shafinmu ya tsaya na yi shiru

A lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, ina zaune gidan mahaifina a unguwar Diguel. Baba dillalin shanu ne, kuma ƙungiyarsu ce ta damƙa mini kula da shafin intanet ɗin da suka buɗe. Duk wanda aka sace wa dabba sai ya sa hotonta da tambarin jikinta, in an same ta ya koma ya goge. Mahauta ba sa sayen dabba sai sun leƙa.

Wata safiya shafin ya sami matsala. Yana buɗewa, ana ganin tsofaffin hotuna, amma ba ya karɓar gyara. Na kira wanda ya haɗa mana shi, ya ce yana dubawa. Na yi niyyar aika saƙon murya ga 'yan ƙungiya cewa kada kowa ya dogara da abin da ke ciki, sai na tuna dattawan da tun farko suka ce aikin ya fi ƙarfin mace. Na ce bari a gyara tukuna.

Ashe wani makiyayi ya ga bajiminsa da ya ɓace, har ya sayar wa mahauci maƙwabcinmu, wanda nake kira Kawu tun ina ƙarama. Makiyayin ya ce wa Kawu zai goge sanarwar da ya sa, ya yi ta ƙoƙari abu ya ƙi, ya ɗauka matsalar rezo ce, wato layin sadarwa, ya koma ruga. Kawu na jan bajimin zuwa mayanka wasu samari suka tare shi, suna nuna masa hoton a waya. Ya rantse saye ya yi, ba su saurara ba.

Da labari ya iso gida, ni da Baba muka ruga. Mun tarar da Kawu a ƙasa, jini na fita ta kunnensa, ana sauke masa sanduna. A gabana wani ya ɗaga bulo ya dankara masa a hannun dama, na ji ƙarar ƙashin. Na yi ta ihu cewa shafin ya lalace, ɗayansu ya hankaɗe ni ya ce yanzu ya buɗe shi, lafiyarsa lau. Sai na ji ana neman fetur. Baba ne ya kwanta a kan Kawu, ya ce sai dai a ƙona su tare, har aka samu makiyayin a waya ya shaida.

Kawu ya rayu, amma hannun bai sake riƙe wuƙa ba. Da na je asibiti na faɗa masa gaskiya, bai zage ni ba, tambayata kawai ya yi ko aika saƙon muryar zai ɗauke ni dogon lokaci.

Yanzu ko ƙaramar tangarɗa aka samu, kafin in nemi mai gyara nake sanar da kowa abin da ya tsaya da abin da ban sani ba tukuna. Duk wanda jama'a suka dogara da shafinsa, in ya lalace ya faɗa nan take. Kunyar da na guje wa ta yini ɗaya ce, Kawu kuwa har yau da hagu yake cin abinci.