Malam Ashiru, Wanda Ya Kai Mana Aji Gona

Kafin ya ajiye aiki, kullum da ya dawo daga masallacin asuba sai ya ɗaure littattafansa a bayan keke, ya bar Fakuwa ya nufi makarantar sakandaren da ya koyar da Turanci a Kankia tun muna yara. Yakan riga mai gadi buɗe ajinsa. Sunansa Malam Ashiru, kuma ban san wata takarda ko rediyo da ta taɓa ambatonsa ba.

Duk wanda ya zauna a ajinsa yana tuna ranar samina. Wata ɗaliba, Rahma, ta ce yayanta ya tafi samina Katsina, ta tambayi ma'anar kalmar. Malam bai taɓa allo ba. Ya fitar da mu bayan aji, inda aka yafa irin tumatir ya fara tsirowa.

"Ku duba nan," in ji shi. "Kalmar daga Latin ta fito. Asalinta wurin da ake yafa iri a rene shi kafin a dasa. Daga baya aka kira wurin renon ɗalibai da ita, har ta zama sunan taron ƙara wa juna ilimi. Su ma masu wannan harshe manoma ne kamar iyayenku."

Daga ranar muka daina jin tsoron Turanci.

Da damina ajinsa yakan watse, yara suna gona. Malam bai taɓa dukan kowa a kan haka ba. Bin su yake yi. Amiru, wanda yanzu ke aikin jinya, ya ba ni labarin ranar da Malam ya same su ana noman farko. Mahaifinsa Malam Ayuba ya ɗago ya ce, "Malam, Turancin nan ne zai cika mani rumbu? In ka zaunar da shi, wa zai nome kunyarshi?"

Malam Ashiru ya tuɓe rigarsa ya ce, "Ni."

Ya karɓi fartanyar yaron, ya miƙa masa littafi. Amiru na karatu da ƙarfi a gindin gawo, Malam na gyara masa daga cikin kunya. Haka suka yi har aka gama noman.

Malam, kai ne ka yi mana wannan. Da lokacin ritayarka ya zo, ba taro, ba shayi, ko hoto ba a ɗauka ba. Ɗalibanka sun watsu Katsina, Kaduna da Abuja, kowa na zaton wani zai shirya.

Bana na je gaishe shi. Idanunsa sun yi yana, sai da murya ya gane ni. Ban gama zama ba ya ce, "Wa aka ba ajin nawa?"

Na ce har yanzu ba a turo kowa ba. Ya ce, "To, masu jarrabawar bana fa?"



Mun gode, Malam, ko da godiyar ta zo a makare. Allah Ya ba ka lafiya, Ya saka da Aljanna. Ku kuma da kuka zauna a gabansa, yana nan Fakuwa da ransa, ku je ya ji muryarku. Kuma cikinku wanda zai iya riƙe alli, akwai yara a wancan aji suna zaune, ba kowa a gabansu.