Kitson da Ba na Gidan Kowa Ba

Na fito shanya kenan sai ga Ilham, 'yar maƙwabciyata a nan Dutse Alhaji, da mataji a hannunta. Shekararta bakwai. Tun da iyayenta suka rabu, kotu ta ce ta zauna wurin uwa, ta riƙa yin ƙarshen mako a Kuje wurin uba.

Na zaunar da ita, na zare ɗankwalinta. Gashin gaban goshi duk ya cinye, fatar kan ta yi ja.

"Ilham, wa yake ja miki gashi haka?"

"Babu kowa, Anti. In Momi ta yi min kitso, Hajiya, maman Dadi, sai ta tsefe ta yi nata. In na dawo, Momi ma ta tsefe." Ta ɗago ta kalle ni. "Ki yi min wanda ba za a gane na gidan wa ba ne."

Na yi mata shuku sako-sako. Na san da ta isa Kuje za a tsefe shi.

A littattafan da nake karantawa, hawayen ɗa ɗaya yakan sa iyaye su shirya. Wannan yarinyar ko kukan ma ta daina. Ku da kuka san shari'a, akwai alƙalin da ke ɗaga ɗankwali ya duba?