Baba Illo, Likitan Furen Ros na Zango

Ina rumfata ina auna wa wata mata atamfa, a gefen titin da muke lallaɓawa tun da babbar kasuwarmu ta Rood Woko ta ƙone, sai ga maƙwabciyata Zuwaira a kan moto, wato babur. Ko injin ba ta kashe ba ta ce, "Rabi, Baba Illo ya riga mu gidan gaskiya." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Nan take na nemi wuri na zauna.

Duk wanda ya zauna a unguwar Zango kafin rusau ya san shi. Bagobirin Tibiri ne, direba, ya daɗe yana tuƙa wata tsohuwar Baturiya mai lambu cike da furen ros, a can ya kamu da son su. Da ya ajiye tuƙi sai ya koma bin gidaje a kan tsohon mobiletinsa, ɗan ƙaramin babur, almakashi a aljihu, yana duba furannin mutane don Allah. Ni kuwa iyayena Katsinawan Maraɗi ne, don haka tsakanina da shi wasa ne. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai "baiwata".

Da aka rushe unguwa, na tono ros ɗin da marigayiya Innata ta dasa da hannunta, na kai shi gidan hayarmu a unguwar Kamsaoghin, na dasa a bakin ƙofa. Ya kama. Amma damina na sauka ganyensa ya fara baƙin tabo, kewayen tabon ya yi rawaya, ganye na ta zuba. Na ƙara taki, na ƙara ruwa, abin sai gaba yake. Na ce kambun baka ne. Wata ƙawata 'yar ƙabilar Mosi ta ce kewar Zango yake yi, kamar mu. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin gidan ya tafi, Inna ta tafi, shi kaɗai ya rage mini mai rai daga hannunta.

Baba Illo ya zo ya tsuguna yana juya ganye ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Baiwata, buɗe kunne. In kin ga fari kamar an barbaɗa garin masara, ciwon lokacin sanyi ne. In ja-ja ne a bayan ganye, tsatsa ce. Wannan kuwa fumfunar baƙin tabo ce, kuma ba ta zama sai inda ganye ya kwana a jiƙe. Wa ke yi masa wanka?"

Na rantse masa babu kowa. Bai yi musu ba, ya ce a dafa masa shayi. Yana nan zaune aka kira magariba, sai ga maigidana Malam Sani da abokansa, kowa da butarsa. Suka kewaye ros ɗin suna alwala a kansa, kamar yadda suka saba kullum, wai kada ruwan alwala ya zube a banza. Baba Illo ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Kai, aikin Katsinawa! Malam Sani, ku kun samu lada, shi ya samu ciwo."

Maigida ya ce, "Haba Baba, ai albarka muke nema masa."

"To, a zuba masa albarkar a gindi, kuma da safe."

Washegari ya dawo ya hau yanka. Ya cire duk ganyen da ke da tabo, ya rage rassan tsakiya don iska ta ratsa, yana goge almakashi da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Da na ga itacen ya koma tsirara sai na sa kuka: "Wayyo Baba, ƙarasa shi za ka yi!" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Mai tausayin ganye shi ke rasa itace." Ya sa na share waɗanda suka zube na ƙone, ya hana ni zuba su cikin taki. Ya dama shuɗin maganin nan na masu lambu ya fesa, ya ce a maimaita duk bayan ruwan sama mai ƙarfi. Kafin kaka ros ya yi toho, ya fid da fure jajir. Da na kai masa na farko, cewa ya yi, "Bagobiri ya warkar, Bakatsina ta sha ƙamshi."

Tun daga nan duk damina shi ke zuwa ya yi yankan, don ni zuciyata ba ta iyawa. Bana tabon ya dawo yana kwance ba lafiya, na yi ta jira ya tashi. Da na dawo daga sadakar uku na tarar ganye ya cika ƙasa, kuma babu wanda zan aika a kira. Na tsuguna na yi bisimilla na yanke da kaina, hawaye na zuba. Itacen Inna yana nan tsirara yanzu. Ban san ko zai yi toho ba, amma inda ya nuna mini nan na yanke.

Allah Ya jiƙan Baba Illo, Ya yafe kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa. Duk shukar da ya ceta, Allah Ya sa ta a mizaninsa. Ya ba matarsa Inna Hajo da 'ya'yansa haƙurin rashi, mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.