Bugu na Uku

Malama Ba-Takalmi ta shekara ashirin tana koyar da yara kurame, amma a makonta na farko saura ƙiris ta ajiye aikin. Yara tara aka ba ta a wani aji mai daɓen katako. Ta yi tafi, ta yi tsawa har muryarta ta dushe, ba wanda ya san tana yi. Wannan na kan tebur, wancan na jan kunnen ɗan'uwansa.

Ranar Alhamis da hantsi, tana tsaye jikin allo takaici ya ishe ta, sai yaran suka koma kujerunsu a lokaci guda, suka harɗe hannu, suna kallon bayan kafaɗarta. Ta waiwaya, ba kowa. Ta tambayi babbarsu da hannu. Yarinyar ta nuna ƙasa, ta ɗaga yatsu uku.

Tsohuwa mai shara ce ta warware mata. "Marigayiyar da kika gada, haka take tara su, 'yata. Ta buga ƙafa sau uku, su ji motsin katako. Ke kika buga?"

"Ko motsi ban yi ba, Inna."

"To, cire takalmin nan, ke ma ki ji."

Tun ranar ba ta ƙara shiga aji da takalmi ba, kuma ba ajin da ya kai nata natsuwa. Sababbin malamai kan tambaye ta me ya sa sau biyu kawai take bugawa. Ita dai bayan na biyun takan tsaya, tafin ƙafarta a kan katako, ta jira na ukun.