Kwamfutar 'Yata da Bakin Malam

Shekarar da ciwon ƙoda ya ɗauke ƙanena, 'yata ta biyu, wadda take koyarwa a sakandaren 'yan mata, ta sa aka kafa mana sola a kan rufi. Na ji daɗi, don wutar Haɗeja sai ta ga dama take zuwa. Ashe har da kwamfutarta aka kafa wa. Ta ɗora ta a kan teburin falo, ta jona, ta bar ta a buɗe tana huci, ta saɓi jaka za ta tafi aiki.

Na ce, "Ke, wa kika bar wa wannan? Kashe ta."

"Iya, aiki take yi."

"Aikin wa? Ga kujera nan ba kowa."

Ta ɗosana a hannun kujera, abin da na hana ta tun tana yarinya, ta yi mini bayani. Wai akwai masu binciken magani a wata ƙasa, lissafin da ke gabansu ya fi ƙarfin injinansu, sai suka gutsuttsura shi suna raba wa duk mai kwamfutar da ke zaune ba aiki. Ta mutum ta yi nata gutsuren, ta mayar, a turo mata wani. "Kamar gayyar yankan shinkafa ce, Iya. Kowa da laujensa."

Na ce na sha dafa wa 'yan gayya abinci a fadama, kuma kullum na san mai gonar, na san ubansa. Wannan wa ya san shi? Ta ce ba sai an san shi ba. Ta ce tun ranar da aka kai kawunta take neman abin da za ta yi, ga shi ita ba likita ba. Da ta faɗi haka sai na ƙyale kwamfutar. Amma na sa mata ido.

Ashe ba ita ya kamata in sa wa ido ba, Malam ne. Mijina ya daɗe yana fataucin bandar kifi, ciwon gwiwa ya zaunar da shi, to bakinsa bai zauna ba. Duk la'asar yana ƙofar gida da abokansa. A nan ya ba da labari cewa 'yarsa tana da inji a falo, ita da Turawa suna nemo maganin ƙoda. A ƙasar nan kuwa ba unguwar da ba ta da mai kumburin ƙafa.

Sai ga mata suna sallama. "Mun zo gaishe ki ne, Hajiya," ido kuma yana falo. Wata ta tambaye ni ko sai mara lafiya bai karya ba ake kawo shi. Wata tsohuwa ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce wa kwamfutar sannu da aiki. Ban yi dariya ba, na san abin da ta baro a gida. Kowace na gaya mata abin nan ba ya duba mutum. Sai su ce "to, to," su fita suna ganin na ɓoye wa dangina ne.

Na tare Malam a zaure. "Me ka gaya wa mutane?"

"Abin da yarinya ta faɗa mana."

"Ta ce maka ta samo?"

"Nema na ce, Hajiya. In sun ji samu, kunnensu ne."

Ana cikin haka 'yar kawuna ta iso daga Kirikasamma da mijinta, masunci ne a wajen Baturiya. Na dube shi. Ƙafa ta ƙi shiga takalmi, fuska ta yi suntum, irin kamannin da ƙanena ya yi. Likita ya riga ya ce su je babban asibiti a fara masa wankin ƙoda, har an sa musu rana, suka bar ta ta wuce.

"Yaya, an ce wanda ya fara wankin nan ba ya dainawa," in ji ta. "Gara mu jira na gidanki."

Na gaya mata gidana ba magani. Ta yi murmushi ta ce, "Yaya, ke ma ai ba bokon kika yi ba." To, ba a tambayar baƙo ranar tafiya, balle mai jinya. Na share musu ɗakin soro.

Kullum da hantsi 'yar kawun nawa takan shimfiɗa tabarma a gaban teburin ta zauna da carbi. Akwai wani layi a jikin gilashin kwamfutar da ke rarrafe daga wannan gefe zuwa wancan, shi take kallo. Ranar da ya kai ƙarshe ta ƙwala mini kira daga madafa, "Yaya, ya cika! Ya cika!" Kafin in goge hannu in zo, ya koma farko ya sake rarrafe. Ta ce ba komai, wataƙila sai ya yi sau uku.

Ita kuwa mai kwamfutar kunya ta hana ta magana. In ta dawo daga makaranta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, a dai daure a je asibiti, wannan sai a hankali." Ita tana nufin babu, innar tata tana jin ana nan tafe. Na yi wa 'yata faɗa a ɗaki, ta ce ba za ta iya kallon babbar mace ta karya mata zuciya ba. Na ce zuciya ake ta tata, ga mutum yana kumbura a soro?

Wata safiya mara lafiyar ya amayar da kunun da ya sha, ya kasa miƙewa ko alwala. Na tsaya a ƙofar falo, na karɓe jakar 'yata daga kafaɗarta.

"Yau ba makaranta. Zauna gaban innarki. Ni zan tambaya, ke ki amsa, kuma kada in ji a hankali."

Ta zauna.

"Abin nan zai ba mijinta magani bana?"

"A'a."

"Baɗi?"

"A'a, Iya. Ko an dace, sai dai jikoki."

"Ya san da shi ma? Ya san akwai mutum a soro?"

"Bai sani ba."

"Yanzu haka lissafin ƙoda yake yi?"

Na buga ƙafa. Sannan ta ce wanda aka turo a makon na ciwon mantuwar tsofaffi ne, kafin shi na ciwon daji. Na ƙoda bai taɓa zuwa ba tukuna.

Wannan ni ma ban sani ba. Na dube ta, na bar maganar sai mun dawo daga asibiti.

'Yar kawuna ba ta yi kuka ba. Ta naɗe tabarmarta, ta jingine a bango, ta tafi soro tana ɗaure kaya. Na leƙa na ce wa Malam ya tashi da gwiwar tasa ya nemo keke napep da kansa, tunda shi ya yi shela. Ya ɗauki sanda.

A ranar aka ba mara lafiyar gado a babban asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta duba ta ga ni ce babba, ta wanke ni tas a gaban jama'a, wai mun zauna da mutum har ya kai haka. Na tsaya na shanye.

Yana nan da rai. Ana kai shi wanki ana dawo da shi, ya bar kamun kifi, sai gyaran koma a inuwa. Kwamfutar na sa an mayar da ita ƙuryar ɗakin 'yata, can take hucinta, wanda ya tambaya in ce ta tashi daga falo.

'Yar kawun nawa takan aiko wa Malam gaisuwa. Takan aiko wa 'yata busasshen kifi. Ni kuwa da muka haɗu a wani suna a Kirikasamma, gaisuwa ɗaya ta yi mini ta juya, na ji tana gaya wa mata wai Yaya ba ta iya magana ba, haka take jefa ta kamar dutse. Har yau ba ta sake taka gidana ba.