Gardamar Duniya Mai Rana Biyu

Shekarun baya, lokacin ina jan motar siminti daga Malbaza, mahaifina ya daina magana. Ba ciwo ba ne. Amininsa ne ya rasu, wanda kullum bayan azahar suke zaman gardama a gindin itacen bedi, daga zancen damina har zuwa na 'yan kokawa. Tun daga nan sai "to" da "madalla". Abinci ma sai an yi da gaske. Ya rame, hankalinmu ya tashi, mu kuma don tausayi duk abin da ya faɗa sai mu ce haka ne.

Wata Juma'a na je garinmu Tajaye gaishe shi. Na rasa abin hira, sai na ɗauko labarin da na ji a rediyon mota: wai masana taurari sun gano duniyoyin da ke zagaya rana biyu, kuma suna ganin wasunsu ba su cika zafi ko sanyi ba, ruwa zai iya zama, wataƙila har da rai.

Ya ɗago kai. "Ƙarya ta. Rana guda ma ga yadda taka ƙone hatsi."

Na buɗe baki zan ce haka ne, sai na ga idonsa ya yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Ni da ko a tasha ba a san ni da musu ba, na daure na ce, "Baba, gaskiya ta. In gona na nesa da su, ko su biyu ba su ƙone ta."

Ai sai tsoho ya gyara zama. Ya ce mai inuwa biyu da wacce zai auna la'asar? In ɗaya ta faɗi ɗaya na sama, yaushe mai azumi zai sha ruwa? Ilimina bai wuce na rediyo ba, amma na yi ta kare duniyar mai rana biyun nan kamar gonar gadonmu ce. Har ya aika aka kira liman ya raba mu. Liman ya ɗan goyi bayana, shi ma ya sha nasa.

Can sai ya juya wajen mahaifiyata. "Ke, dama mani hura, wanga yaro ya busam mani da maƙoshi." Ta shige ɗaki tana dariya tana share hawaye.

Har yau ban san ko akwai mai rai a can ba. Na dai gane mun yi ta ba tsoho tausayi, alhali abokin musu yake nema. Yanzu in na kira shi a waya, ko gaisuwa ba ma gamawa yake cewa ya samo sabuwar hujja. Ni kuwa, saboda son da nake masa, ban taɓa yarda ya kayar da ni ba.