Baƙon da Baffa Dikko Ya Sauke a Kwamfuta

Tun ranar addu'ar uku nake jin mutanen Tambuwal suna cewa, "Allah sarki Dikko, tsufa ne, bai iya kwamfuta ba, shi ya sa tasa take tafiyar hawainiya." Ba haka ba ne! Ni Hadiza shekara uku na yi a shagonsa na buga takardu da ke bayan tasha, tun da na gama sakandare. Ƙanen babana ne, na san halinsa. Ya iya sarai. Taurin kai ne kawai.

Kun san shi da safe. Ya kunna kwamfuta, ya buɗe wata 'yar taga a cikinta, sai ya kafa hula ya fita gaishe-gaishe har bakin masallaci. Kafin ya dawo ta gama buɗewa. A cikin tagar nan tsohuwar kwamfutarsa ce sukutum, wadda ta ƙone, wani injiniya daga Sakkwato ya kwaso cikinta ya zuba a sabuwar. Baffa bai yarda a rabu da ita ba, don a nan kaɗai manhajarsa ta ajami take aiki, ita ce ke ɗora wasula daidai inda mahaifinsa, Kaka Malam, yake sa su. Littafin wa'azin Kakan yake bugawa, shafi-shafi, yana tsere da gara da ta riga ta cinye gefen takardun.

Ƙwaƙwalwar kwamfutar giga huɗu ce. Injiniya ya ce a ba tsohuwar ɗaya, ya ishe ta. Baffa ya ba ta uku.

Injiniya ya ce, "Malam, sabuwar ce mai gida, za ta shaƙe fa."

"Wagga da ta zaka, baƙuwa ce ko ba baƙuwa ba? A gidanku kai ka cin nama baƙo shi sha romo?"

Injiniya ya tattara wayoyinsa ya kama hanyar Sakkwato.

Ni ce na sha wahalar. Wata Litinin wani dattijo ya taso tun daga Fakku a buga masa takardar neman taki. Na taɓa linzamin kwamfuta, kibiyar da ke kan allo ta tsaya tana tunani. Muka zuba mata ido mu biyu. Can ya ce, "Malam Dikko, wallahi jakina ya fi abin ga sauri."

Baffa ko ɗagowa bai yi ba. "Jakin naka ya iya ajami?"

"A'a."

"To zauna."

Ya zauna kuwa, har ya ci ƙosai.

In zafi ya yi, kwamfutar takan hau huci kamar injin niƙa. Baffa sai ya ɗauko maficin matarsa Inna ya yi ta yi wa kwamfutar fifita, shi gumi na zuba a wuyansa. Na ce, "Baffa, kai fa?" Ya ce, "Ni nan aka haife ni, na saba."

Ran nan haƙurina ya ƙare. Ya tafi ta'aziyya Kebbe, na shiga na raba ƙwaƙwalwar biyu-biyu. Kai! Komai ya hau gudu, har baƙuwar kanta, don da mai gida ta samu numfashi sai ta fi iya ɗaukarta. Na ce yau za a yaba mini. Washegari ya kunna, ya kafa hula, bai kai ƙofa ba taga ta buɗe. Ya tsaya cak.

"Hadizatu."

"Na'am, Baffa."

"Wa ya rage ma baƙuwa tuwo?"

"Baffa, duba mana, ta fi sauri yanzu!"

"Ɗiyata, baƙon da ya ga an rage mai tuwo dole shi yi sauri. Shirin tafiya shi kai. Maida mata."

Na mayar ina ƙunƙuni. Ya ce ƙunƙunin ma in yi shi a hankali, kada ta ji.

Ciwon da ya kwantar da shi sati biyu ne. Da na je gaishe shi bai tambayi shago ba. Ya ce, "Saura shafi goma sha fuɗu. Ki ɗaga takardun daga ƙasa, gara ba ta jiran mai jinya." Na ce zai tashi ya ƙarasa. Ya yi dariya, ya ce ban taɓa iya ƙarya ba.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yi masa sauka mai kyau, Ya haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna.

Yayyena sun ce a goge komai a sa sabon tsari, shago ya yi sauri. Na ce su jira. Ajamina na 'yar boko ne, hannun Kaka kuma sai wanda ya zauna gabansa. Akwai wani tsohon ɗalibinsa a Sanyinna da idonsa bai mutu ba. Ran Asabar zan ɗaure takardun a zane, in rungumi kwamfutar, in hau kabu-kabu. Shi ya karanta, ni in buga.